Ido Ba Mudu Ba

Fam biyu na saye shi a shagon gwanjo na titin Bold,
bangonsa a yage, yana warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba.
Wani ya riga ni, ya bar tikitin bas a shafi na casa'in.
Can ya gaji ne, ko can ya tsorata? Oho.

Ni kuwa dare ne gonata.
Daga goma zuwa shida ina gadin allo goma sha biyu,
ga kujera mai kuka, ga butar shayi,
ga kogin Mersey yana numfashi a allo na takwas.

A littafin akwai wata halitta
daga tauraron da haskensa bai iso mu ba tukuna.
Ba ta da fatar ido, ba ta san ƙiftawa ba.
Doka guda aka ɗaura mata:
ki gani, ki rubuta, kada ki taɓa.
Shekara ɗari uku tana rataye bisa wannan tasha ta Liverpool.
Ta ƙirga jiragen da suka fita da bindiga da yadi,
ta bi su har gaɓar da aka loda mutane kamar buhunan gero,
ta ƙirga waɗanda teku ya ci,
ta rubuta adadin daidai, ba ragi, ba gyara.
Ta ga sukari ya dawo ya zama bene,
ya zama sunan titin da nake bi in zo aiki.

Na kife littafin na ce, ke 'yar ba-ruwana,
hannu gare ki ko dungu?
Sai ta amsa min a shafi na gaba:
In na tare jirgi ɗaya yau,
gobe ni ke zaɓar mai rai da mai mutuwa.
Kun taɓa ganin baƙo mai ƙarfi ya zo taimako
ya naɗe tabarmarsa ya koma gida?

Na yi tsit.
Kakana ya san irin waɗannan baƙin.

Uku da kwata, allo na takwas.
Wani mutum a bakin ruwa ya cire takalmansa,
ya jera su a tsanake kamar mai shiga masallaci.
Dokar Oga Gareth na manne a bango:
kada ka bar kujera, ka buga waya, ka rubuta lokaci.
Takarduna kuma a ƙafar kujerar nan suke ɗaure.
Na buga. Aka ce minti goma sha biyu.
Na rubuta lokacin, wallahi na rubuta,
da kyakkyawan rubutu ma.
Sannan na dubi hannun da ya riƙe biron.

Allo na uku ya ɗauke ni ina gudu,
ƙaton mutum cikin riga ruwan ɗorawa, tumbi na gaba.
Kieran sunansa. Da zagi ya tarbe ni.
Ya ce ruwa kawai ya zo kallo,
wataƙila ma gaskiya ya faɗa.
Ya sha shayina, ya ce sukari ya yi yawa.
Cikin mintocin da allo sha ɗaya suka zama marayu
aka fasa gilashin motar wata mai shara,
aka ɗauke jakarta da albashin mako.
Ita ma tana da suna: Bernadette.

Da safe na sa hannu a takardar gargaɗi.
Na fito, sama ta yi fari kamar shafin da ba a cika ba.
Na ɗaga kai na ce, in kina nan,
rubuta duka biyun, takalman da jakar.
Ni dai ban iya lissafin ba.

Tikitin bas ɗin yana nan inda na tsaya,
shafi na ɗari da huɗu.